Tabaran VR wajen koya wa ɗaliban jinya faɗin labari mai nauyi: zai yi aiki a ƙauye?

Malamar Jinya, Jigawa:
Assalamu alaikum. Ɗalibanmu sun iya allura da awon ciki, amma a ce su gaya wa mace ɗan cikinta ya rasu, ko su shawo kan maigida ya yarda a kai matarsa babban asibiti a yi mata tiyata, sai baki ya mutu. Ana ta maganar tabaran VR, na'urar da ake sawa a ido mutum ya ga kamar yana cikin wurin da bidiyo ke nunawa. Me za mu saya, kuma ina matsalarsa take?

Mai Gyaran Na'ura, Ringim:
Wa alaikumus salam Malama. Meta Quest 2 ko 3 ya isa, ba ya buƙatar kwamfuta. Cajinsa wajen awa 2 yake yi, don haka a tanadi sola. A loda bidiyon ta kebul, kada a dogara da intanet. Kowace ɗaliba minti 10 zuwa 15, a zaune. Jiri da tashin zuciya na zuwa ne idan hoto na tafiya alhali jiki bai motsa ba. Kada rana ta haska gilashin ciki, tana ƙona allon. A goge shi da busasshen ƙyalle mai laushi, ban da sifirit.

Sista Ungozoma, Gwaram:
Malama, na'urar ce ƙaramin aiki. Yawancin manhajojin kasuwa da Turanci suke, majiyyaci shi kaɗai a ɗaki. Mu kuwa ga miji a bakin ƙofa, ga uwar miji kan tabarma, ita mai naƙudar kunya ta hana ta ɗago kai. Ku ɗauki naku bidiyon da kyamarar 360, mai ɗaukar kowane ɓangare a zagaye, irin Insta360, a kafe ta daidai idon nas a zaune. 'Yan wasa za a sa, ba majiyyata ba.

A bi SPIKES, tsarin faɗa wa majiyyaci labari mai nauyi na shekarar 2000, matakai 6: keɓe wuri, jin abin da ta sani, neman izininta, faɗin labarin, karɓar kukanta, sai abin da za a yi gaba. Inda ɗalibai ke faɗuwa shi ne na huɗu. Suna rugawa ga "sai haƙuri" tun ba su faɗi me ya faru ba, matar ta koma gida tana jiran motsi. A fara da "Baiwar Allah, labarin ba mai daɗi ba ne," a faɗe shi a fili, sannan a yi shiru. Shirun nan sai an koya shi.

Malamin Aji, Dutse:
Gaskiya ne Sista. Sai dai bidiyo ba ya mayar da magana. A tsayar da shi inda maigida ya ce babu kuɗin mota, ɗaliba ta amsa da bakinta, sannan ta cire tabarau ta maimaita da 'yar'uwarta. Tattaunawar bayan kallo ta fi kallon tsawo, mutum 6 zuwa 8. Kuma a sanar da su abin da za su gani tun farko, domin a cikinsu akwai wadda ta taɓa rasa nata ɗan.