Los Alamos: a fara share dagwalo ko a fara gyaran gini?

Malama: Assalamu alaikum jama'a. Ni dai matsayata ba ta sauya ba tun jiya, bai kamata gwamnatin Amurka ta ƙara ko kwabo a aikin ƙera zuciyar bam, wato curin ƙarfen fulutoniyam da ke tsakiyar bam ɗin nukiliya, a cibiyar binciken makaman nukiliya ta Los Alamos da ke jihar New Mexico ba har sai sun share dagwalon nukiliya da na sinadarai da suka tara tun 1943. Wurin nan kasafinsa ya haura dala biliyan 4 a shekara, amma abin da ake warewa na share muhalli wajen miliyan 300 ne kawai, ku auna ku gani fa.

Injiniya: Wa alaikumus salam Malama. Lissafinki daidai ne amma aljihun ba ɗaya ba ne. Kuɗin makamai na NNSA ne, hukumar da ke kula da makaman nukiliyar Amurka, na shara kuma wani ofishi ne daban a ma'aikatar makamashi, har 'yan kwangilar ma daban, kamfanin Triad ke tafiyar da cibiyar tun 2018, kamfanin N3B ke sharar. In an tsayar da wancan ba shi ke nufin kuɗin zai gangaro nan ba.

Malama: Ai duk majalisa ɗaya ce ke raba kuɗin Injiniya, hannun da ya zuba a wannan aljihu shi ya zuba a wancan.

Injiniya: Toh na yarda da wannan. Amma bari in faɗi abin da ya fi damuna. Ginin da suke aikin fulutoniyam a ciki, PF-4, tun 1978 yake aiki. Cikin kuɗin nan da kike so a tare har da na gyaran injinan tace iska da na kashe gobara da ƙarfafa ginin saboda girgizar ƙasa, kuma ko an daina ƙera komai gobe fulutoniyam ɗin yana nan a ciki ba inda za shi. Ni na taɓa aiki a wata masana'anta, shekara uku muna rubuta takarda a kan rufin ɗakin wuta yana yoyo ana cewa sai baɗi, muka riƙa sa bokiti da leda a kan fanel, ranar da ruwa ya shiga wlh wata biyu injina na tsaye kuma yaro ɗaya ya ƙone a hannu. To wannan masana'antar garin kwaki ce idan aka haɗa da wurin da muke magana.

Kawu: Yara ku tsaya. Malama faɗa mana dagwalon da kike nufi takamaimai, kar mu yi ta magana a iska.

Malama: Na gode Kawu. Ga ɗaya. Daga 1956 zuwa 1972 suna zuba sinadarin kuromiyam a ruwan sanyaya injinan tashar wutarsu don kar bututu ya yi tsatsa, in sun gama su sake shi cikin kwari. Ruwan nan ya yi ta tsiyaya sannu a hankali har ya kai ruwan ƙarƙashin ƙasa, sai bayan shekara 30 da wani abu aka gano a rijiyoyin gwaji. Kuma wurin yana kan iyaka da ƙasar mutanen San Ildefonso, 'yan asalin yankin ne da suke nan tun kafin a san wata ƙasa Amurka. Har yau ana ta ja-in-ja da hukumar muhalli ta jihar kan yadda za a tsotso ruwan a tace a mayar. Abin nan irin wanda ke kawo ciwon daji ne Kawu, ruwan sha muke magana.

Kawu: Innalillahi. Wannan kam ba ƙaramin abu ba ne.

Ɗan Agadas: Ni ina bayan Malama ɗari bisa ɗari, don mu mun ga irinsa a Arlit, an rufe mahaƙar yuraniyam ta kamfanin COMINAK a 2021 tsaunukan tarkacen yuraniyam suna nan kusa da gari. Kullum sai a ce a bari a gama aiki tukuna.

Injiniya: Allah ya kawo muku sauƙi ɗan uwa, ban raina wannan ba. Amma ku duba abin da ya faru a watan Fabrairu 2014. Ganga ɗaya ta dagwalo daga Los Alamos ta fashe a ramin ajiyar dagwalon nukiliya da ake kira WIPP kusa da garin Carlsbad a jihar, cikin ƙasa a tsakiyar gishiri. Dalili kuwa, ana zuba irin ƙasar nan da ake sa wa kyanwa ta yi bayan gida a cikin gangunan don ta tsotse ruwa, sai aka canja daga mai yumɓu zuwa wadda aka yi da alkama, ta haɗu da gishirin naitiret ta yi zafi murfi ya tashi. Kusan shekara uku ramin yana rufe. Kuma lokacin gaggawa suke yi su kwashe gangunan daga kan tudu kafin wa'adin da suka yi da jihar, saboda wutar dajin Las Conchas ta 2011 ta matso kusa. Wato sharar ma in ba ƙwararrun ma'aikata da kayan aiki masu kyau sai ta zama wata masifar.

Malama: Wannan ai hujjata ce ka kawo min Injiniya! Me ya sa gangunan suka yi shekaru a waje ƙarƙashin tanti har wuta ta zo? Don ba a ba sharar muhimmanci ba tun farko. A 2000 ma gobarar Cerro Grande ta cinye gidaje sama da 200 a garin, ba su ɗauki darasi ba. Yanzu kuma ana so su riƙa ƙera zuciyar bam 30 a shekara, kowace ɗaya da sabon dagwalonta, duk kuma rami ɗaya za su je da tsohon.

Injiniya: Nan kam kin kama ni, maganar gurbi a ramin gaskiya ce. Inda muka rabu shi ne kalmar ko kwabo. Ki ce a rage saurin ƙera sabo a ninka kuɗin shara, zan sa hannu yanzu. Amma kar a taɓa na gyaran gini.

Kawu: Ku tuna wurin ƙira na Rocky Flats a jihar Kolorado, can ake ƙera zuciyar bam da, har sai da FBI ta kai samame a 1989 kan laifin gurɓata muhalli, aiki ya tsaya bai sake tashi ba. Shi ya sa kayan ya dawo kan Los Alamos.

Ɗan Agadas: Kawu to wa zai tilasta musu yanzu?

Malama: An yi yarjejeniyar share dagwalon da jihar a 2016, amma ta sassauta wa'adin da ke cikin ta 2005, shi ya sa nake ta magana. Injiniya na amince a bar kuɗin rufi da iska da gobara. Na sababbin injinan ƙira kuma ban janye ba, a fara tsare ruwan mutanen San Ildefonso.

Injiniya: Matsalar a kasafin sau da yawa a haɗe suke a layi ɗaya Malama, zan nemo takardar in turo bayan isha mu duba tare.