Ko waken gwar zai yi a ƙasar Kano?

Mai Shago, Sharaɗa:
Assalamu alaikum. Ina da gona a hanyar Ɗambatta, jigawa ce, gero da wake nake yi. Wani ƙanena da ke aiki a kamfanin askirim ya kawo min wani farin gari a leda, ya ce a jikin buhun an rubuta guar, wato gwar, daga Indiya. Ya ɗiba a bakin cokali ya kaɗa a kofin ruwa, kafin mu gama gaisawa ruwan ya yi kauri yana yauƙi kamar miyar kuɓewa. Wai daga wani wake ake yin sa. To tunda kuɗi muke fitarwa a shigo da shi, me zai hana mu shuka? Masana ku taimaka, zai yi a ƙasarmu? In ya yi, wa zai saya?

Malamin Gona:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ƙasarka irin wadda yake so ce. Kusan kashi 80 cikin 100 na gwar ɗin duniya a Indiya ake noma shi, mafi yawa a jihar Rajastan, inda rairayi da ƙarancin ruwa suka fi namu. Ana yin sa a Pakistan da Sudan, har da Texas a Amurka. Saiwarsa na nutsawa ƙasa sosai, shi ya sa yake jure fari, kuma dangin wake ne, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, geron da ya biyo bayansa zai ji daɗi. Cikin wata 3 zuwa 4 yake nuna.

Abu biyu ba ya so. Kada ruwa ya kwanta masa, don haka ka manta da fadama. Sannan in ruwa ya doke shi bayan ya bushe a gona, ƙwayar sai ta yi baƙi, darajarta ta faɗi. Ka lissafa shukarka yadda girbi zai faɗo bayan ɗaukewar damina.

Ɗan Dawanau:
Malam ya faɗi na gona, ni bari in faɗi na kasuwa. Kullum ina cikin Dawanau, riɗi da zoɓo da waken suya muke lodi, ni dai ban taɓa ganin dillali yana cigiyar gwar ba. Kuma garin da ƙaninka ya nuna maka ba ɗanyen wake ba ne da za ka kai injin niƙa na unguwa. Sai an fasa ƙwayar, an cire ɓawo da ɗan tsiron ciki, farin tsakiyar kaɗai ake niƙawa. Yawancin masana'antun wannan aiki suna can Indiya, musamman garin Jodhpur. Mai askirim gari yake saye, ba zai karɓi buhun wakenka ba.

Sannan farashinsa ba shi da alƙibla. A 2012 ya yi tashin gwauron zabo saboda kamfanonin haƙar mai a Amurka, su ke haɗa shi da ruwa da yashi su tura cikin dutse ya tsage mai ya fito. Manoman Indiya suka yi rububin shukawa, ba a daɗe ba ya ruguzo. Masu yin takarda da masu buga zane a atamfa ma suna amfani da shi, amma harkar mai ce ke juya farashin. Alhaji, kada ka cinye gonar geronka a kan abin da ba ka ga mai saye ba.

Hajiya Mai Kiwo:
Ni abin da ya ja hankalina dusar ce. Abin da ya rage bayan an cire garin yana da sinadarin gina jiki sosai, shanu ake ba wa. Kaji kam sai kaɗan, ragowar yauƙin na ɓata musu ciki. Ganyen ma dabbobi na ci, Indiyawa kuma suna miya da ɗanyen kwanson. Ko ba a saya ba, tumaki ba za su bari ya lalace ba.

Mai Shago, Sharaɗa:
Na gode ƙwarai. Ɗan Dawanau ka sanyaya min gwiwa, amma gaskiyarka ce. Zan ware kunya goma a gefen gero in ga yadda zai yi, in ya so tumakin gida su ci. Malam, iri fa, ina zan nema?

Malamin Gona:
Ka fara tambaya a Cibiyar Noman Tsandauri ta Jami'ar Bayero, ko ofishin ICRISAT na nan Kano, wato cibiyar binciken amfanin gona na yankuna masu ƙarancin ruwa, tunda ita ICRISAT hedikwatarta a Indiya take. In ka samu, jiƙa ƙwaya ashirin a tsumma ka ga nawa suka tsiro kafin ka kai gona.