A dawo da Ahmed Musa Kano Pillars ko a haƙura? (Muhawarar da aka yi a 2024)

Ɗan Ƙofar Mata:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Tun da Ahmed Musa ya rabu da Sivasspor ta Turkiyya ake ta raɗe-raɗin zai sake dawowa Kano Pillars, kuma mun kwana uku muna musu a teburin mai shayin unguwarmu ba wanda ya sauka daga ra'ayinsa. Ga nawa a cikin baiti, mai amsawa ya amsa da baiti.

Da sunan Allah nake fara zancena,
Ku saurara, Kanawa, ga ƙudurina,
A kira Ahmadu Musa, shi ne burina,
Ya sake sanya rigar Masu Gida.

A kakar 2010 muna filin muna kallo,
Sau 18 yaron nan ya zura ƙwallo,
Sunansa ya hau can saman allo,
Kowa a Ƙofar Mata zai ba da shaida.

Ya ci Ajantina biyu, Messi na tsaye,
Ya ƙara wa Aisilan biyu muna raye,
In ba a karɓe shi ba, to a karɓi waye?
Ɗa na ƙwarai ba a tambayarsa takarda.

Na Zazzau:
Bakano, bawana, tsaya in tuna maka
Abin da ka sani amma ba ka faɗa ba.
A 2021 ai ya zo cikin Afrilu,
Yuli ta ƙare ba a sake ganin sa ba.
Turkiyya ta yi kira ya ɗau jakarsa,
Ko shayin da aka haɗa masa bai huce ba.
Zango ya yi kamar fatake a hanya,
Mai jiran mota bai zama ɗan gida ba.
Shekara 32 yake shirin cikawa,
Gudun da ka sani a da bai jira ka ba.
A gasar Afirka ta Kwaddibuwa kyaftin ne a kan benci,
Har aka ci mu wasan ƙarshe bai taka ba.

Ɗan Manchester:
Malam na Zazzau, wannan ɗango na shayi ya shiga, Allah ya ƙara basira. Duk wanda ya iya waƙa a nan ya san ɓangaren da gaskiya take.

Telan Fagge:
Yabon ya yi yawa, tun da ba a kai ga jin amsa ba.

Wanda ba shi da ko akuya a turke,
Shi ke mana lissafin kiwo daga Zariya.
Ƙungiya 20 ke buga babbar gasa,
Nuna min taku a ciki in daina dariya.
Kofi huɗu muka ɗaga, zauna ka ƙirga,
2008, sai uku a jere, babu ƙarya.
Ka ce ya tsufa, je ka tambayi Pele,
Wato Rabi'u Ali, ya girme shi nesa ba kusa ba kuma yana buga wasansa lafiya.

Na Zazzau:
Tela, ka ɗinke bakinka kafin riga,
Allurarka ba ta kai inda na soka ba.
Kun manta shekarar da kuka rasa fili,
Kaduna kuka zo, ba mu kore ku ba.
A filin Ahmadu Bello ya buga muku,
Ƙasar Zazzau ce, ba mu yi muku gori ba.
A 2022 kuka gangara ƙaramar gasa,
Kofunan nan huɗu ba su tare ku ba.

Malam Mai Aruli:
Ku yi haƙuri in katse ku, domin akwai ɓarnar da ta fi ta faɗuwa ƙaramar gasa. Ɗan Ƙofar Mata ya rubuta 2010 da lamba, wanda ido zai gani gajere, amma idan aka buɗe baki aka ce dubu biyu da goma, ɗangon yana tashi da gaɓa 18, alhali ɗan'uwansa na allo gaɓa 10 ce kacal, kuma wannan ko ba a kai ga auna gaɓa mai nauyi da marar nauyi ba. Ɗangon Tela na ƙarshe kuwa wasiƙa ce, sai dai a sa mata kan sarki. Shi ma na Zazzau kada ya yi murna, domin amsa-amon "ba" kowace jimlar korewa tana bayar da shi kyauta.

Ɗan Ƙofar Mata:
Allah ya gafarta Malam, na gode da ƙirga.

Gaɓa 18 ka ce ka samu a ɗangona,
Ƙwallo 18 ya ci, ka duba lissafina,
Kowace gaɓa da ƙwallonta a tsarina,
Da gangan na yi, sai dai ka ƙi yarda.

Na Zazzau:
Ban taɓa zaton zan tsaya bayan Bakano ba, amma wannan amsa ta yi. Game da "ba" kuwa, Malam ya fi ni sanin cewa magabata sun gina dogayen waƙoƙin wa'azi a kanta, ba a kuma ce da su malalata ba.

Malam Mai Aruli:
Magabata sun hau "ba" ne a kan karin da ba ya ɗingishi. Ku kun ɗauki sirdin kun bar dokin.

Ɗan Manchester:
A bar doki a koma fili.

Ku bar ni in ba ku labarin gidanmu,
Mu 'yan Manchester mun san zafin dawowa.
Ronaldo ya dawo mana a 2021,
Muka kwana a gidan kallo muna rawa.
Ƙwallo 24 ya ci a kakar,
Muka ƙare na shida, babu abin ɗagawa.
Da Nuwambar 2022 ta kama,
Aka rabu baram-baram, ba gaisawa.
Al-Nassr ɗin da Ahmadu ya baro,
Ita ce ta karɓe shi, ku lura, Kanawa.

Maman Abba:
Ni ban san aruli ba, wato ilimin auna waƙa, don haka Malam ya kawar da kai.

Abba ɗana yana da shekara 14,
Rigar Arsenal ce rataye a ɗakinsa.
Duk Asabar sai ya karɓi kuɗin gidan kallo,
Ya san 'yan Landan kamar ƙannen babansa.
Filin Sani Abacha hawan Adaidaita ɗaya ne,
Bai taɓa taka ƙofar ba da ƙafarsa.
Jiya ya ce min idan Musa ya dawo,
Zai fasa asusu ya sayi tikitinsa.
Ku masu lissafin gudu da shekaru,
Ku lissafa yaran da za su zo ganinsa.

Telan Fagge:
Hajiya, kin gama magana. Na Zazzau, in kana da sauran "ba" ka fito da ita.

Na Zazzau:
Hajiya, Allah ya raya mana Abba,
Maganarki ban samu inda zan kama ba.
Sai dai ki ce ya dakata da asusun
In ba a sa hannu kan cikakkiyar kaka ba.

Ɗan Tudun Jos:
Sai yau na ga wannan bayan kwana biyu, ga nawa ko da an tashi.

Kun yi ta ja-in-ja a kan ɗan wasu,
A Jos aka haife shi, ku je ku tambaya.
Makarantar ƙwallo ta GBS ta raine shi, ƙungiyar JUTH ta gwada shi,
Aro aka ba ku, kuka mai da shi dukiya.

Telan Fagge:
Ɗan'uwa, aron da ya kai shekara 14 ana cigiyarsa da baki kawai, ai ya zama na mai riƙo.

Malam Mai Aruli:
Baitin Hajiya na ƙarshe ne kaɗai zan iya karanta wa ɗalibai ban ji kunya ba. Sharaɗin da na Zazzau ya kawo na cikakkiyar kaka shi ma abin dubawa ne, ko da yake ya sake hawa "ba". Duk wanda ya gyara ɗangon 2010 ya dawo da shi daidai da 'yan'uwansa, shi zan gaya wa ra'ayina a kan Ahmed Musa, wanda har yanzu ba wanda ya tambaye ni.