Waɗanda suka je Italiya koyon Italiyanci, don Allah ku ba mu labari

Ɗalibar Zariya:
Assalamu alaikum. Na kusa kammala digirin farko a fannin tsarin gine-gine, kuma ina son in yi na biyu a Italiya. Kwas ɗin da nake so da Italiyanci ake koyar da shi, sun ce sai da shaidar iya harshen a matakin B2. Wani malaminmu ya ba ni shawara in fara da kwas ɗin harshe a Peruja ko Siyena. Wanda ya taɓa yi ya taimaka: wane gari ya fi, me mutum zai iya koya cikin wata uku ko shida, kuma ya zaman Musulma yake a can? Baba ya ce ba zai sa baki ba sai ya ji daga waɗanda suka je.

Bakano a Umbriya:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni a Peruja na yi, su Perugia suke rubutawa in za ki bincika. Jami'ar baƙi ce, Università per Stranieri, tun 1921 aka fara darussan. Babban gininta, Palazzo Gallenga, yana dab da wata tsohuwar ƙofar gari ta dutse da aka gina tun kafin Rumawa su mallaki wurin. Ke da kike karanta gine-gine, wuyanki sai ya yi ciwo don kallon sama. Da kin isa za a yi miki gwaji a sa ki ajin da ya dace da ke, daga A1 har C2. Jarrabawar shaida ta Peruja CELI ce, ta Siyena kuma CILS, jami'o'i duk suna karɓarsu.

Amma ki bar maganar gari tukuna, ki yi tunanin ɗakin da za ki kwana. A ajinmu akwai 'yan Amurka da jami'o'insu suka turo su zango ɗaya. Tare aka kawo su, tare aka sauke su a gida ɗaya, Juma'a na yi sun hau jirgi sai Faris ko Barsalona. Yara ne masu kirki, amma har suka koma in sun shiga shago da Turanci suke ƙarasa ciniki. Mu ma 'yan Najeriya wannan ramin na jiranmu, don da zarar an gane kana jin Turanci kowa sai ya mai da kai wurin gwada nasa.

Ni na kama ɗaki a gidan da ɗalibai biyu 'yan kudancin Italiya suke, ba mai jin Turancin kirki a cikinsu. Da farko kamar kurma nake a kicin. Ana rigima kan wa ya bar tukunya ba wanki, ko kuɗin gas na wata, dole in kare kaina da ɗan abin da na iya. Ɗayansu kullum uwarsa na kira da yamma, ya sa wayar a fili yana yanka albasa, ita tana tambaya ya ci abinci, ya sa rigar sanyi, wane ne wannan baƙon da take jin muryarsa. Daga baya ni ma sai ta ce a ba ni wayar. Malama ta koya mini nahawu, ba na raina wannan, amma a kicin ɗin nan bakina ya buɗe.

Wata uku daga sifili ba za su kai ki B2 ba, kada wani ya ruɗe ki. Za ki iya cefane, ki tambayi hanya, ki yi hira sama-sama. Zama a lacca kina rubutu wani abu ne daban.

Na-Damagaram:
Malam Bakano ya yi gaskiya kan gida, amma lissafin watanni bai zama ɗaya ga kowa ba. Mu da muka yi lakkol da Faransanci rabin hanya muke tarar da kanmu, don kalmomi da jujjuyawar aikatau duk 'yan gida ɗaya ne. Salon jujjuya aikatau da suke kira congiuntivo, wanda ke sa masu Turanci gumi, mun riga mun sha wuyarsa tun kafin bak, jarrabawar gama sakandare. Sai dai Faransancin kan kutsa cikin baki ba sallama, malami ya yi ta gyara.

Hausa ma tana taimako fiye da yadda kike zato. Baƙi mai ninki da ke wahalar da sauran ɗalibai, kunnenmu ya saba da shi, haka ra mai kaɗawa. Kuma yawancin sunayen mace da "a" suke ƙarewa kamar namu, ko da yake akwai masu saɓawa. Inda muke faɗuwa shi ne p da f, da kuma v da b. Malamarmu sai da ta sa ni gaban madubi ina kallon leɓena.

Ni Siyena na yi. Ta fi Peruja ƙanƙanta, tsakiyar gari duk da ƙafa ake yawo. Mutanen yankin sukan mai da k ta koma kamar h a tsakanin wasula, to kada ki firgita in abin da kika ji a kasuwa bai yi daidai da na aji ba. In zamanki ya kama 2 ga Yuli ko 16 ga Agusta za ki ga Palio, sukuwar dawaki a dandalin Piazza del Campo. Unguwanni 17 ne a garin, goma ke shiga kowace sukuwa, ba sirdi, zagaye uku, ba ta kai minti biyu ba an gama. Na ga dattawa na kuka da hawaye don dokin unguwarsu ya faɗi.

Uwar Biyu:
'Yata, bari in amsa wadda na san ita ce a ran Babanki. Na zauna a Peruja da hijabina, ina zuwa aji ina dawowa lafiya. Kallo akwai, musamman daga tsofaffi a bas, wani lokacin har da magana marar daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Amma gari ne da ya saba da ɗalibai daga ko'ina, akwai Larabawa da 'yan Bangaladash da Senegal, akwai wurin sallar Juma'a da shagunan naman halal wajen tashar jirgin ƙasa. Babban masallacin Rum kuwa, da aka buɗe a 1995, ki je ko don idonki na mai gine-gine.

Abinci ne ke son kula. Yankin Umbriya, inda Peruja take, ya shahara da naman alade, kuma ba kullum ake ganinsa da ido ba. Ki haddace waɗannan tun kafin ki iya gaisuwa: maiale, prosciutto, pancetta, guanciale, lardo, strutto. Na ƙarshen nan kitsen alade ne da ake sawa a wasu burodi da kayan gashi, sai kin juya leda kin karanta. Shinkafarsu ta risotto sau da yawa da giya ake tashinta, ki tambaya, ba sa jin haushi. Burodin Umbriya da Toskana, yankin Siyena, kuma ba gishiri, haka al'adarsu take, ba mantuwa aka yi ba. Ki taho da yajinki da kuka da daddawa.

Ban yarda da Malam Bakano ɗari bisa ɗari ba kan gida. Namiji ne shi. Ke ki nemi gidan mata zalla, ko ɗaki wurin wata dattijuwa, ki tambaya tun farko ko samari na shigowa kwana, da yadda za a raba firji da tukwane. Ni wurin wata tsohuwa na zauna, ba ta gajiya da surutu, a gaban talabijin ɗinta na koyi rabin abin da na sani.

Ɗan Zangon Kumasi:
Ni dai takardu zan faɗa. In zaman ya wuce kwana 90, biza mai harafin D ake nema, da takardar karɓa daga makaranta, shaidar kuɗi, masauki da inshorar lafiya. Kin sauka, kina da kwanakin aiki 8 ki nemi izinin zama, permesso di soggiorno. A gidan waya ake karɓar fom, ki sayi kan sarki na Yuro 16 a shagon taba mai alamar T, ki mayar, a ba ki rasit da ranar zuwa ɗaukar zanen yatsu wurin 'yan sanda. Rasit ɗin nan ki riƙe shi kamar fasfo har katin ya fito. Ki kuma karɓi lambar haraji, codice fiscale, da wuri, don haya da layin waya da banki duk sai da ita. Kada ki tura wa kowa kuɗin ajiya na ɗakin da ba ki gani ba, na san wanda aka yi wa haka ta intanet.

Doka ta yarda ɗalibi ya yi aikin awa 20 a mako, amma wa zai ɗauki wanda bai iya magana ba? Kada ki sa wannan a lissafin watannin farko.

Ɗalibar Zariya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Batun tallafin karatu fa? Na ji ana cewa har ɗaki da abinci ake bayarwa.

Na Garwa:
Wannan tallafin na yankuna ne, ADiSU a Umbriya, DSU a Toskana, ER.GO a yankin Bolonya inda nake, kuma na masu karatun digiri ne, ba na kwas ɗin harshe ba. Da ƙarfin samun iyali ake duba shi, sai an fassara takardun gida an buga musu hatimi. Ma'aikatar harkokin wajen Italiya ma tana fitar da nata kowace shekara, ki duba ko ƙasarki na cikin jerin bana.

Shi ya sa nake cewa ku duka kun sa ta a hanya mai tsada. 'Yan Kamaru suna da yawa a jami'o'in Italiya, kuma yawancinmu a gida muka koyi harshen, muka ci jarrabawa, sannan muka cike Universitaly, shafin neman gurbi a jami'o'in Italiya, muka taho kai tsaye cikin digiri. Me zai sa ki biya haya da Yuro don koyon ƙirga ɗaya zuwa goma? Ki kai ko A2 ne daga Zariya, da littafi da malami ta waya, sannan ki je.

Bakano a Umbriya:
Wannan kam na sallama, da A2 a hannu wata shida sai su yi aikin shekara. Amma ka faɗa mata yadda laccarka ta farko ta kasance da B2 ɗinka na gida.

Na Garwa:
Sunan farfesan kawai na kama, sai "allora" da yake ta maimaitawa. Kuma a nan yawancin jarrabawa ta baka ce, kana zaune gabansa 'yan aji na bayanka suna saurare. Ki fara sauraron rediyonsu tun yau, ƙanwata.

Uwar Biyu:
Kuma ki gaya wa Baba in yana son ya ji daga bakin babba, ki turo mini saƙo ta akwati in ba ki lambar maigidana su yi magana.