Daga Zariya zuwa Abuja: motar kai, motar haya ko jirgin ƙasa?

Mazaunin Gyallesu:

Assalamu alaikum. Aikina yana kai ni Abuja a kai a kai, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 nake ta jujjuya maganar hanyar da ta fi dacewa in riƙa bi. Ina da mota, kuma ita raina ya fi so, domin ina tashi lokacin da na ga dama, in tsaya in yi salla inda hankalina ya kwanta, babu mai matse ni a kujera. Sai dai ɗiyata da ke karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta tayar mini da wata magana, cewa mutum ɗaya a cikin mota mai kujera biyar ɓarnar mai ce, kuma hayaƙin da nake bari a hanya yana cikin abin da ke dagula yanayi. Ina neman shawararku: shin wannan dalili ya isa mutum ya bar abin da ya fi masa sauƙi, kuma idan ya isa, wace hanya ce ta fi?

Malamin Samaru:

Wa alaikumus salam. Malam, ɗiyarka ba ta faɗi ƙarya ba, kuma lissafin ba shi da wuya. Kowace lita ɗaya ta fetur idan ta ƙone tana fitar da wajen kilo 2.3 na iskar kabon, wadda ita ce kan gaba wajen ɗumama duniya, dizal kuma wajen kilo 2.7. Daga Zariya zuwa Abuja akwai kimanin kilomita 270. Mu ɗauka motarka tana shan lita 10 a kowane kilomita 100, ka ga ka sha lita 27 ke nan a zuwa kaɗai, wato sama da kilo 60 na wannan iska, duka a wuyanka. Idan irin wannan man aka raba shi tsakanin fasinjoji shida a motar haya da ta yi lodi a Kwangila, kowa bai wuce kilo 10 da 'yan kai ba.

Saboda haka abin dubawa shi ne mutum nawa injin ya ɗauka. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a watan Yuli na 2016 a kan layi mai tsawon kilomita 186 tsakanin tashar Idu a Abuja da ta Rigasa a Kaduna, shi ma dizal yake sha, amma inji ɗaya ne yake jan ɗaruruwan mutane, kuma ƙarfe a kan ƙarfe ba ya cin ƙarfi kamar taya a kan kwalta. Jirgin sama kuwa ban ga dalilinsa ba a wannan tafiya, domin sai ka fara zuwa Kaduna ko Kano, sannan a gajeren zango tashin da hawan sama su ne ke cinye kaso mai yawa na man.

Bazazzagiya 'yar kasuwa:

Malamin Samaru, Allah ya ƙara ilimi, amma lissafinka bai shiga motar haya ya zauna ba. Wanda ya taɓa zama su huɗu a kujerar mutum uku, gwiwarsa a jikin buhun wani, direba yana gudu don ya samu ya juyo da wani lodin kafin magariba, ya san cewa kilo 10 ɗin nan da kuɗinsa ake saye, har da lafiyar jiki. Mu mata kuma muna da ƙarin damuwa, domin ba kowane zama ne ya dace da mu ba, shi ya sa wani lokaci nake biyan kuɗin kujera biyu a gaba, ka ga lissafin ya riga ya canza.

Jirgin ƙasa na fi so, ba don yanayi ba, sai don ina iya miƙe ƙafa, ga bayan gida, ga shi ba a tsayar da kai a shingen bincike. Amma mutumin Zariya bai shiga jirgi daga ƙofar gidansa ba. Sai ya yi wajen kilomita 80 zuwa Kaduna, ya sauka a Kawo, ya sake neman abin hawa zuwa Rigasa, kuma sai ya samu tikiti. Idan ya sauka a Kubwa ko Idu, nan ma sai ya nemi mota zuwa cikin gari. Sannan ba mu manta da harin da aka kai wa jirgin a ranar 28 ga Maris, 2022 ba, wanda ya sa ya tsaya har watan Disamba na shekarar. Ni dai abin da nake fara tambaya kafin kowace tafiya shi ne ta ina zan isa lafiya, sauran dalilai suna biyo baya.

Dattijon Sabon Gari:

'Ya'yana, abin da ke ba ni takaici a wannan zance shi ne a ce Bazazzage sai ya je Rigasa kafin ya ga jirgi. Layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano tun 1911, kuma daga nan garin ne reshen da ya bi ta Funtua da Gusau zuwa Ƙaura Namoda ya tashi. Sabon Gari kansa a gefen tashar ya girma. A da, auduga da gyaɗa da fata duk a tarago suke tafiya, ba a kan tireloli masu farfasa titi ba. An ƙaddamar da aikin sabon layin Kaduna zuwa Kano a 2021, kuma ta Zariya zai bi. Ranar da ya fara aiki, rabin wannan muhawara ta ƙare da kanta, domin ba sai an yi wa kowa wa'azin muhalli ba kafin ya zaɓi abin da ya fi araha da kwanciyar hankali.

Bakanike a Tudun Wada:

Baba ya yi gaskiya, amma kafin jirgin ya zo akwai abin da ke hannunmu. Ni ɗumamar duniya ba ita ce ke fara damuna ba, tunda abin da ƙasashenmu ke fitarwa kaɗan ne idan aka kwatanta da Amurka ko Sin. Abin da ke damuna shi ne hayaƙin da muke shaƙa da hancinmu. Duk wanda ya tsaya a yankin PZ na nan Zariya da yamma a lokacin hunturu, hazo ya sauko, 'yan acaba da masu Keke Napep sun cunkushe, wata tsohuwar bas tana aman baƙin hayaƙi a fuskar masu tallar gefen titi, ya san wanda ke biyan kuɗin da huhunsa.

Kusan kullum ana kawo mini mota a ce in cire abin nan da ke cikin salansa, wanda muke kira indomi, ko don ya toshe ko don ana sayensa da tsada. Shi ne yake rage gubar da ke cikin hayaƙi kafin ya fita, kuma idan aka cire shi motar za ta ci gaba da tafiya, amma na bayanka ne zai sha. Malam mai tambaya, idan har motarka za ka ci gaba da hawa, ka bar mata indominta, ka canza filogi da baƙin mai a kan lokaci, ka riƙa duba iskar taya kafin ka ɗauki hanya, kuma ka rage gudu, domin mota tana ƙara shan mai sosai da zarar ta haura kilomita 100 a awa. Masu mayar da mota ta koma amfani da iskar gas ta CNG suna samun sauƙin kuɗi da ƙarancin hayaƙi, amma tukunyar tana cinye rabin but, kuma sai ka tabbatar da inda za ka riƙa cikawa a hanyarka kafin ka kashe kuɗinka.

Mazaunin Gyallesu:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Hajiya, maganarki ta tsaro ita ce ta sa ba zan yi wa kowa alkawarin barin motata gaba ɗaya ba. Abin da na tsayar shi ne, idan tafiyar ta kwana ɗaya ce kuma ba ni da kaya, zan bi ta Rigasa, idan kuma da mota zan tafi, zan nemi abokan aiki biyu ko uku da ke Zariya mu haɗa kuɗin mai mu tafi tare. Malam bakanike, tawa tun da na saye ta ban taɓa sa an duba salansar ba, don haka ina so ka bayyana mini yadda mutum zai gane ko an riga an cire indomin kafin motar ta zo hannunsa.