Shin abokan hulɗar furotin za su tona mana asirin sikizofireniya?

Malam Nasiru: Assalamu alaikum. Ga inda na tsaya: sanin sunayen ƙwayoyin gadon da ke ƙara haɗarin sikizofireniya, wani nau'in taɓin hankali, bai kai mu ko'ina ba tukuna, kuma hanya mafi kusa ta gane aikinsu ita ce a duba su wa furotin ɗin da suke ƙerawa ke hulɗa da su a cikin ƙwaƙwalwa. A 2014 ƙungiyar masu bincike ta PGC ta gano wurare 108 a jikin DNA masu alaƙa da cutar, a 2022 suka kai 287. A 2022 ɗin ce kuma wani bincike mai suna SCHEMA ya duba marasa lafiya sama da 24,000, ya fito da ƙwayoyin gado 10 da lalacewarsu ke ɗaga haɗarin sosai. To ku dubi jerin. SETD1A yana cikin cibiyar tantani, wato ƙwayar halitta, yana taimakawa wajen kunna wasu ƙwayoyin gado. CUL1 da HERC1 suna yi wa furotin tambari don a rushe shi. GRIN2A kuma can yake a mahaɗar jijiyoyi. Me ya haɗa su har suke kai mutum ga ciwo ɗaya? Amsar tana wurin abokan tafiyarsu. Abokin ɓarawo ai ɓarawo ne.

Dakta Hauwa: Wa alaikumus salam, Malam. Wannan karin maganar ce ta sa aka ɓata shekaru a kan ƙwayar gadon DISC1. A shekarar 2000 aka bayyana shi daga wani babban iyali a Sikotilan, inda kuromosom na 1 da na 11 suka karye suka yi musayar gutsure. Aka zana masa taswirar abokan hulɗa mai faɗi, aka rubuta ɗaruruwan takardu. Da manyan binciken ƙwayoyin gado suka zo da dubban mutane, DISC1 bai fito ba. Taswirar ta yi kyau a ido, amma an gina ta ne kafin a tabbatar da wanda ake zargi.

Malam Nasiru: Wannan ai hujjata ce, Dakta. Laifin tushe ne, ba na hanyar ba. Yau da ƙwayoyin gadon da ƙididdiga ta tabbatar ake farawa.

Ibrahim: Ku gafarce ni, ɗalibi ne ni. Yaya ake sanin furotin biyu na hulɗa, tunda ba ido ke gani ba?

Malam Nasiru: Tambaya mai kyau, Ibrahim. Ana fasa tantanin halitta ya zama ruwa. Sai a zuba wasu mitsi-mitsin duwatsu da aka liƙa musu sinadarin garkuwa wanda furotin ɗaya tak yake kamawa. A wanke, a sake wankewa. Duk abin da ya ƙi sakin furotin ɗin zai biyo shi, sai a daddatsa su a zuba a na'urar da ke gane kowane gutsure daga nauyinsa. Ita ke fito da sunayen.

Dakta Hauwa: Ka ƙara masa da sauran, Malam. Da zarar an fasa tantani, furotin ɗin da ke cibiya da wanda ke bakin mahaɗa, waɗanda ba su taɓa haɗuwa ba yana raye, sun shiga ruwa ɗaya. Wasu kuma masu danƙo ne, kowa aka jawo sai sun biyo. Sannan da yawa daga tsofaffin taswirorin an yi su ne a cikin yis na kumbura burodi, ko a tantanin HEK293 da aka samo daga ƙoda. Ina ƙoda, ina ƙwaƙwalwa?

Malam Nasiru: An wuce nan. Tun da Shinya Yamanaka ya nuna za a iya mayar da tantanin fata ya koma tushe, wanda zai iya zama kowane irin tantani, ana noma jijiyoyin ƙwaƙwalwar ɗan Adam a ɗakin gwaji. Masu bincike a cibiyar Broad ta Amurka sun yi wannan jawon a irin waɗannan jijiyoyin, kuma akasarin hulɗoɗin da suka samu babu su a tsofaffin rumbunan bayanai. Ashe wurin da ba daidai ba ake ta lalube a da.

Dakta Hauwa: Jijiyoyin ɗakin gwajin nan sun fi kama da na ɗan tayi. Marasa lafiyar da nake gani kuwa, ciwon kan taso musu ne daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekara ashirin da wani abu. Tsakanin nan ƙwaƙwalwa ta sake fasali, ta zubar da mahaɗai masu yawa. Babban abin da aka gano kan wannan sassaɓen, wato aikin ƙwayar gadon C4 da Steven McCarroll da Beth Stevens da abokan aikinsu suka wallafa a 2016, daga nazarin kuromosom na 6 da gwaji a ɓeraye ya fito, ba daga taswirar hulɗa ba.

Malam Nasiru: To ga wanda taswira ta yi wa rana. Tun wajen 2000 aka fara tantance tarin furotin ɗin da ke kewaye da makarɓin NMDA, wani furotin mai karɓar saƙo a mahaɗar jijiyoyi. A 2012 da 2014, da aka duba sababbin sauye-sauyen DNA da ke jikin marasa lafiya amma babu su a iyayensu, sai aka ga sun taru a wannan tarin fiye da yadda sa'a kaɗai za ta kawo. Kowane sauyi shi kaɗai ba ya cewa komai, jerin abokan ne ya haɗa su. Yanzu ga GRIN2A, wanda ke ƙera wani sashe na makarɓin nan, ya fito a PGC ya kuma fito a SCHEMA.

Dakta Hauwa: Wannan na karɓa. Sai dai likitoci sun daɗe da zargin NMDA, saboda ketamin, maganin sa barcin tiyata, yana toshe shi ya jawo alamomi masu kama da ciwon. Taswirar ta ƙarfafa abin da ake zato ne. Ni sabon abu nake jira.

Hajiya Binta: 'Ya'yana, ni ƙanena ne ke fama da ciwon nan. Maganin yana kwantar masa da muryoyin da yake ji, amma ya bar shi da nauyin jiki da yawan barci. Wannan binciken ya kawo magani ko kuwa?

Dakta Hauwa: Allah ya ba shi lafiya, Hajiya. Har yanzu bai kawo ba. Kulofuromazin, da aka fara ba masu taɓin hankali a Faris a 1952, da magungunan da suka biyo bayansa duk makarɓin dofamin, wani sinadarin saƙo na ƙwaƙwalwa, suke taɓawa. Cobenfy da Amurka ta amince da shi a 2024 ya bi wata hanya daban, amma shi ma ba daga nan ya fito ba. Kada ya daina shan nasa. Ku gaya wa likitansa batun barcin da nauyin jikin, ana iya rage adadi ko a sauya magani.

Malam Nasiru: Amin, Hajiya. Dakta, ga ma'aunin da zan yarda a auna ni da shi: a ɗauki sababbin abokan da aka jawo, a koma bayanan DNA na marasa lafiya, a ga ko lalacewa ta fi yawa a cikinsu.

Dakta Hauwa: Na yarda, da sharaɗi. A gwada su da sauran furotin ɗin jijiyar ƙwaƙwalwa, ba da na dukkan jiki ba, don kusan duk abin da ke aiki a jijiya zai nuna ɗan alaƙa da ciwon. Sannan a lalata SETD1A a jijiya, a nuna min wace hulɗa ce ta yanke, da abin da ya sami mahaɗar bayan ta yanke.