Muhawara: tsohon ɗan wasa a kujerar koci, cancanta ko alfarma?

Ɗan Aji Uku: Salamu alaikum jama'ar zaure. Abin nan ya tsaya mini a rai. Kwalejinmu ta sauke malamin wasannin da ke riƙe da ƙungiyar ƙwallo, ta ɗauko tsohon lamba taranta ta ba shi koci, saura wata biyu a fita gasar makarantu. Ba shi da takardar horarwa ko ta matakin farko, ko ƙungiyar unguwa bai taɓa riƙewa ba. Hujjarsu kawai wai ya ci ƙwallaye a zamaninsa, kuma yara na ganin girmansa. Ni dai na ce duk inda ka ga an ba tsohon ɗan wasa kujerar koci, alfarma ce, ba cancanta ba. Mai ja ya fito.

Baba Gola: Wa'alaikumus salam. Ɗana, janye kalmar nan ta alfarma tukuna. Stephen Keshi alfarma aka yi masa? Ya ɗaga kofin Afirka yana kyaftin ɗin Najeriya a 1994, ya samar wa Togo gurbin kofin duniya na 2006, ƙasar da ba ta taɓa zuwa ba, ya riƙe Mali, sannan ya dawo ya ciyo mana kofin a 2013. Da 'yan wasan gida shida ya tafi Afirka ta Kudu ana yi masa dariya, har da Gabriel Reuben na Kano Pillars, kuma ɗan gida Sunday Mba ne ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe. In wannan ce alfarma, Allah ya ƙaro mana irinta.

Na United: Baba, alfarma ai ba zagi ba ce. An ba ka abu ne saboda sanayya tun kafin ka nuna ka iya. Ga Lampard nan. Kaka ɗaya tak ya yi a Derby, a rukuni na biyu, bai ma hauro da su ba, sai ga shi a Chelsea a 2019. Da ba sunansa Lampard ba, ko takardarsa ba za a buɗe ba.

Ɗan Chelsea: Dama na san nan za ka ɓullo. An hana Chelsea sayen 'yan wasa a lokacin, Hazard ya tafi Madrid, wane babban koci ne zai karɓi wannan aiki? Ya jawo Mount da Reece James da Tammy Abraham da Tomori, ya ƙare na huɗu, ya kai wasan ƙarshe na kofin FA. Shi ne ma ya yi mana alfarma. Ku 'yan United fa da Ole Gunnar Solskjaer? Riƙon ƙwarya kuka ba shi a Disambar 2018, ya fitar da PSG dare ɗaya, kuka ruɗe kuka miƙa masa kwantiragin shekara uku. Mutumin da Cardiff ta faɗi daga Firimiya a hannunsa a 2014.

Na United: Ole ya horar da ƙaramar ƙungiyar United, ya ci lig ɗin Norway sau biyu da Molde, 2011 da 2012. A United ya yi na uku ya yi na biyu. Lampard ɗinku kuwa an sallame shi a Janairun 2021, Tuchel ya ɗauki yaran nan dai, bai ƙara ko mutum ɗaya ba, cikin wata huɗu ya ci kofin zakarun Turai.

Ɗan Chelsea: Na biyu kofi ne? Ka tambayi golanku De Gea yadda aka kwana da Villarreal a wasan ƙarshe na kofin Europa, 11 da 10 a bugun fenareti. Watford kuma da ta yi muku 4 da 1 ita ta rubuta masa takardar sallama.

Koci Mai Usur: 'Yan'uwa, yaron nan maganar kwaleji ya kawo, kun kai mu Ingila. Abin dubawa shi ne ko sabon kocin ya san yadda ake tsara mako. A ce wasa ranar Asabar ne. Lahadi waɗanda suka buga sassarfa ce kawai da miƙa jijiya na minti 20 zuwa 30, 'yan benci su ne za su yi aiki mai nauyi. Litinin hutu. Talata ƙaramin fili, huɗu da huɗu, minti uku uku ana hutawa. Laraba ce ranar wahala, babban fili, goma da goma. Alhamis a rage yawan gudu, a yi gajerun tsere da tsarin tsayuwa. Juma'a kada a wuce awa ɗaya, bugun kwana da firikik da wanda zai riƙe wa. Inda tsohon ɗan wasan da bai yi kwas ba yake faɗawa rami shi ne yana maimaita abin da aka yi masa yana yaro: zagayen fili goma sha biyar kullum, tsallen kwaɗo, har ranar jajibirin wasa. Yara su shiga fili ƙafa ta yi nauyi, minti 60 sun ƙare, mako na uku tsokar bayan cinya ta fara tsinkewa. Ga filin makaranta a lokacin hunturu ƙasa ce busasshiya, gwiwa da idon sawu ne ke biya.

Na biyu, ɗalibi ba ƙwararre ba ne. Daga lacca yake fitowa, wani ko abincin rana bai ci ba, sai bayan la'asar ake haɗuwa, abin da ke hannunka bai fi minti 90 ba kafin magariba. Dole a rubuta atisayen tun daga gida: ɗumama jiki 15, 'yar tsakiya huɗu da biyu 15, darasin ranar 25, wasa 25, saukar da jiki 10. Wanda ya zo yana tunanin me za a yi bayan ya busa usur, rabin lokacin a tsaye yara za su cinye shi.

Hajiyar Gunners: Koci ka yi bayani, amma ni har yanzu kalmar alfarma ce ba a daidaita ba. Akwai bambanci tsakanin a buɗe maka ƙofa da a ɗauke ka a haye da kai katanga. Arteta ya zauna ƙarƙashin Guardiola daga 2016 har Disambar 2019 yana koyo kafin Arsenal ta kira shi. Guardiola kansa a Barcelona B ya fara a 2007, a rukuni na huɗu, ya haura da su, daga can ya taho da Busquets da Pedro. Wanda aka haye da shi katanga shi ne Pirlo. A 2020 aka ba shi ƙungiyar 'yan ƙasa da shekara 23 ta Juventus, bayan kwana tara, bai ja ragamar wasa ko ɗaya ba, aka ce ya hau babbar. Ƙungiyar da ta ci lig tara a jere ta ƙare ta huɗu.

Ɗan Chelsea: Hajiya, da girmanki. Arteta ya ƙare na takwas sau biyu a jere ba a kore shi ba. Wace alfarma ta wuce wannan?

Hajiyar Gunners: Wannan haƙuri ake ce masa, ƙanina. Ku da ba ku san shi ba dole ya yi muku kama da alfarma. Kuma kofin FA na 2020 a hannun wa ya karɓe shi? Pirlo ma da na ambata ya ci kofin Italiya, kada wani ya ce na ɓoye.

Malam Alƙaluma: Ku lissafa ɗaya ɓangaren mana. Shearer a Newcastle, 2009, wasa takwas, nasara ɗaya, suka faɗi. Gary Neville a Valencia, ko yaren bai iya ba, Barcelona ta zuba masa 7 da nema, bai cika wata huɗu ba. Henry a Monaco wata uku. Rooney a Birmingham wasa 15, nasara biyu. Duk sunansu ne ya shigar da su ofis. Arrigo Sacchi kuwa bai taɓa zama ƙwararren ɗan wasa ba, takalma ya sayar, ya ci kofin Turai da Milan a 1989 da 1990. Sarri a banki ya yi aiki. Dalilin a bayyane yake: gwanin gaske da yawan abin da yake yi a fili bai san yadda yake yinsa ba, jikinsa ne ya sani. Sai ya karɓi ƙwallo ya nuna sau ɗaya, yaro ya kasa, ya hau faɗa. Koyarwa kuwa sai ka raba abin gida gida: duba bayanka kafin ƙwallo ta iso, buɗe jiki, karɓa da ƙafar nesa, taɓawar farko ta nufi inda za ka.

Baba Gola: Malam, ka zaɓo huɗun da suka faɗi ka jera, ka bar Aliou Cissé. Kyaftin ɗin Senegal na 2002, aka ba shi ƙasar a 2015, ya rasa wasan ƙarshe a 2019, aka bar shi, ya kawo musu kofinsu na farko a 2022. Emerse Faé fa? Ana tsakiyar gasa aka miƙa masa Ivory Coast, ya zo ya doke mu 2 da 1 a wasan ƙarshe a 2024.

Na Amurka: Tunda kwaleji ake magana, a ƙwallon Amurka ma rigimar nan ce. Jami'ar Nebraska ta dawo da Scott Frost, wanda ya ci mata kambu yana ɗan wasa a 1997, ya yi nasara 16 ya sha kashi 31, suka sallame shi a 2022. Colorado kuma ta ɗauko Deion Sanders a ƙarshen 2022 bayan kakar da ta ci wasa ɗaya cikin 12. Kakarsa ta farko nasara huɗu, ta biyu tara. Amma fa sai da ya yi shekara uku a ƙaramar jami'ar Jackson State, kuma babban amfanin sunansa shi ne jawo yara masu kyau su zo makarantar.

Ɗan Chelsea: Oga, wannan da ake runguma da hannu ana sa hular kwano ita ce ƙwallo? A bar mu da wadda muka sani.

Na Amurka: Filin jami'ar Nebraska ya fi Stamford Bridge ɗinku cin mutane sau biyu, sai ka yi a hankali.

Na United: A dawo gida. In ana neman inda alfarma ta yi mana illa, Oliseh ne. An ba shi Super Eagles a 2015, cikin wata uku ya yi rigima da Enyeama kan kyaftin, gola mafi kyau da muke da shi ya ajiye, shi ma ya ajiye a Fabrairun 2016.

Malam Alƙaluma: A'a, nan kuma ka kauce. Oliseh yana da babbar takardar horarwa ta Turai. Finidi ma ya ci lig da Enyimba a 2023 kafin a ba shi ƙasa a 2024, wasa biyu na neman gurbin kofin duniya, kunnen doki da Afirka ta Kudu, Benin ta ci mu 2 da 1, ya tafi. Su biyun ba alfarma ba ce, ɗakin sauya kaya, wato riƙon 'yan wasa, shi ne ya fi ƙarfinsu. Wanda aka yi wa rashin alfarma shi ne Amodu Shuaibu, sau biyu yana kai mu kofin duniya, 2002 da 2010, sau biyu ana sauke shi kafin a tafi.

Baba Gola: Allah ya jiƙan Amodu. Amma kyaftin ɗin da Oliseh ya ba Ahmed Musa ba kuskure ba ne, kada a shigo da wannan ta bayan gida.

Na United: Baba ni ban ambaci Ahmed Musa ba.

Baba Gola: Na ga inda ka dosa.

Koci Mai Usur: Ɗan Aji Uku, in kana nan, ga abin da za ku nema a wurin hukumar makaranta, tunda an riga an naɗa shi. A bar tsohon malamin a matsayin mai tsara atisaye da kula da takardu, domin a gasar makarantu katin ɗalibi da rajista suna fitar da ƙungiya tun kafin a taɓa ƙwallo, kuma tsofaffin 'yan wasa su ne suka fi saurin jawo 'yan haya daga kulob ɗin gari. Ƙorafi ɗaya ya isa a kwashe muku maki. A tura shi kwas, matakan CAF, hukumar ƙwallon Afirka, daga D ake farawa, sai C, B, A, ga kuma Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas. A duba ko akwai waɗanda ya buga tare da su a cikin yaran, don ranar da zai ajiye abokinsa a benci ita ce ranar da za a san ko koci ne. Kuma a irin gasar nan wasanni a matse suke, wani lokaci kwana ɗaya ne tsakani, sha ɗayan farko ba za su kai ku ba, sai ya shirya mutum 18 da gola biyu. Kowace shekara kuma masu kammalawa za su tafi, in bai fara duba 'yan aji ɗaya tun zangon farko ba, baɗi ba shi da 'yan baya.

Ɗan Chelsea: Koci duk mun ji. Ni dai Na United ya amsa mini, kofi nawa Ole ya ci?

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita. Abin da na fahimta, zaure ya yarda cewa tsohon ɗan wasa shi ya fi dacewa da ƙungiyarsa, kuma babbar hujja ita ce Zidane: mataimakin Ancelotti a Real Madrid a 2014, ya riƙe ƙaramar ƙungiyarta Castilla, ya hau babbar ƙungiya a Janairun 2016, ya ci kofin zakarun Turai uku a jere, abin da su Sacchi ba su yi ba. Kalmar alfarma ta tabbata a kan Lampard da Ole kaɗai, su biyun kuma ba su da abin nunawa. An rufe.

Malam Alƙaluma: Ranka ya daɗe, ba wanda ya ambaci Zidane a zauren nan sai kai. Kuma a 2014 an taɓa yanke masa dakatarwar wata uku a Castilla kan rashin cikakkiyar takarda, daga baya aka soke. A saka wannan a taƙaitawar.

Shugaban Zaure: Ka ce an soke. An rufe.